Preston: Garin Da Ya Bi Sawun Kuɗinsa

A watan Agustan 1870 rufin sabuwar kasuwar da hukumar garin Preston ke ginawa ya rufto tun aiki bai kai ƙarshe ba. Ginshiƙai da sandunan ƙarfen da aka ɗora suka zube kan juna a tsakiyar gari, jama'a suka taru suna kallon kuɗin harajinsu a ƙasa. Aka yi ta ja-in-ja kan ko zanen ne ke da aibu ko aikin ɗan kwangila. Aikin ya yi ta sauya hannu har ya faɗo kan William Allsup, wani ɗan garin da sana'arsa ƙera jiragen ruwa ce, shi ya kammala shi a 1875. Rumfar tana nan tsaye, faffaɗa, ba bango, iska na ratsa ta ta ko'ina, kuma har gobe ana ciniki a ƙarƙashinta.

Preston gari ne a lardin Lancashire da ke arewa maso yammacin Ingila, a bakin kogin Ribble. Ƙidayar 2021 ta samu mutum kusan 148,000 a cikinsa, wato bai kai ƙaramar hukumar Fagge ta Kano yawan jama'a ba. Ba shi da suna irin na Manchester ko Liverpool da ke kudu da shi. Amma 'yan shekarun nan kansiloli da masana tattalin arziki sun yi ta zarya zuwa can don su ga wani abu da ba ya ɗaukar ido: yadda hukuma ke sayen ƙwai da madara, da buga takardu, da ba da aikin gini. Mai son ya gane abin da ya sa wannan ya zama labari, sai ya waiwayi irin cacar da garin ya sha yi da dukiyarsa kafin nan.

A 1179 Sarki Henry na Biyu ya ba Preston takardar izinin kafa ƙungiyar 'yan kasuwa da ake kira Guild. Ƙa'idarta ba ɓoye-ɓoye: ba mai yin ciniki ko sana'a a garin sai wanda sunansa ke cikin kundin ƙungiya. Ɗa yana gadon gurbin uba, baƙo kuwa sai ya biya, in ma an yarda da shi. Akan zauna jefi-jefi a sabunta kundin, a cire waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a shigar da 'ya'yansu, daga 1542 kuma aka tsayar da zaman duk bayan shekara 20. Tsari ne da ke azurta 'yan tsiraru ya tsauwala wa mai saye. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 ya riga ya yi laushi, dokar gyaran hukumomin garuruwa ta 1835 ta zo ta ƙarasa shi. Biki kaɗai ya rage, an yi na baya-bayan nan a 2012.

Auduga ce ta karya wancan shinge. A Preston aka haifi Richard Arkwright a 1732, a nan kuma ya yi aikin injin kaɗin zarensa a 1768. John Horrocks ya kafa masana'antarsa a 1791, wasu suka bi sahu, garin da ke da mutum kusan 12,000 a 1801 ya kai kusan 70,000 a 1851. Arzikin bai zo da salama ba. A 1842 sojoji sun harbe masu yajin aiki huɗu a titin Lune, a 1853 zuwa 1854 kuma masu masaƙu sun rufe ƙofa suka bar ma'aikata da yunwa wata da watanni, har marubuci Charles Dickens ya zo ya gane wa idonsa. Ƙishin audugar masaƙun Lancashire ɗin nan ne ya haifi ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a Manchester a 1902, wadda ta zo ta kakkafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau.

Da kuɗi ya zauna, manyan gari suka ga ba dalilin da zai sa kayansu su riƙa bi ta Liverpool. A 1883 hukumar garin ta sayi kamfanin da ke kula da zirga-zirgar jirage a Ribble, ta ƙuduri aniyar gina tashar jiragen ruwa ta ƙashin kanta. Aka karkatar da kogin daga hanyarsa, aka haƙa tafkeken gurbi mai faɗin eka 40, wanda a lokacin buɗe shi a 1892 ba gurbin jirage guda ɗaya da ya kai shi girma a ƙasar. Kuɗin da aka ƙiyasta tun farko ya ƙare aiki bai ƙare ba, tilas aka koma majalisar dokoki a Landan neman izinin ƙara cin bashi.

Abin da ba a yi wa lissafin kirki ba shi ne laka. Tashar tana nesa da teku da kimanin mil 16, kogin kuma kullum cikin tara yashi da taɓo yake, don haka jiragen yashe ba su san hutu ba. An ci moriya, wannan ba a musu. Katako da ayaba sun shigo ta nan, ɗaruruwan 'yan dako sun ciyar da iyalinsu, a 1948 ma aka fara jigilar manyan motoci da lodinsu zuwa Larne ta Ireland ta Arewa, irin jirgin da mota ke shiga da ƙafarta ta fita da ƙafarta. Sai dai a cikin shekara kusan 90 da tashar ta yi tana aiki, 17 kacal ta kawo riba. Sauran shekarun masu biyan harajin gidaje ne suka cike giɓin. Da jiragen kwantena suka girma suka fi ƙarfin kogin, aka rufe ta a 1981.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai yayin mota da kankare ya shigo. A gefen Preston firaminista Harold Macmillan ya buɗe babbar hanyar gudu ta farko a Birtaniya a Disambar 1958, mai tsawon mil 8. A cikin gari, tsohon ginin majalisa da George Gilbert Scott ya zana, wanda gobara ta ci a 1947, an ƙarasa rushe shi a 1962 aka dasa wani dogon ginin ofisoshi mai suna Crystal House, wanda mutanen garin suka daɗe suna tsaki in sun wuce shi. Aka fasa sabon titin zobe ya raba Friargate, ɗaya daga cikin tsoffin titunan ciniki, gida biyu.

A Oktoban 1969 aka buɗe tashar motocin safa, ginin da zai zama abin rigima shekara arba'in bayan haka. Kamfanin zanen gine-gine na BDP, wanda a Preston aka kafa shi a 1961, shi ya zana ta. Tsawonta kimanin mita 170, a lokacin da gurbin tsayawar safa 80, arba'in kowane gefe, a samanta kuma hawa-hawa na ajiye ƙananan motoci 1,100, bakin kowane hawa a lanƙwashe, farare tas a jere. A ciki an lulluɓe bango da farin tayil, an shimfiɗa baƙar roba ta kamfanin Pirelli a ƙasa, benci da madogarai na katakon iroko ne na Afirka ta Yamma, ga manyan agogai rataye waɗanda ake hangowa daga wancan ƙarshen zauren. Aibinta a wancan lokaci ɗaya ne, kuma babba: motoci sun kewaye ta gaba da baya, mai tafiya a ƙasa sai ya bi ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu duhu kafin ya shiga. Da yawa sukan gwammace su ratsa tsakanin safa-safa da ransu a hannu.

An gina ta da wannan girma ne don garin da ake jira, wanda bai zo ba. A 1970 gwamnati ta ayyana shirin haɗe Preston da Leyland da Chorley su zama sabon babban birni na tsakiyar Lancashire. Ba a je ko'ina ba aka rage burin, a tsakiyar shekarun 1980 aka rushe hukumar shirin. Masaƙu kuma suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da masana'antar zaren Courtaulds ta Red Scar ta rufe a 1980, fiye da mutum 2,500 suka rasa abin yi a tashi ɗaya, da yawansu baƙi ne 'yan asalin Indiya da Pakistan da tsibiran Karibiyan da aikin ya kawo su.

A daidai wannan zamani ne dokokin ba da kwangila suka sauya a Ingila, kuma ba haka siddan suka sauya ba. A 1972 wani mai zanen gine-gine, John Poulson na Pontefract, ya karye, da aka buɗe littattafansa a kotu sai ga jerin kansiloli da jami'an gwamnati da ya yi shekaru yana yi wa ihsani: wannan mota, wancan gida, wancan hutu a ƙasar waje, shi kuma yana kwasar ayyukan makarantu da asibitoci da gidaje. An ɗaure shi a 1974, an ɗaure T. Dan Smith, tsohon jagoran majalisar Newcastle, ministan cikin gida Reginald Maudling ma ya ajiye aiki tun farkon tonon sililin. Daga nan duk kansilan da ya ce a ba ɗan gida aiki sai a dube shi da ido biyu. Gwamnatin Margaret Thatcher ta zo da dokokin 1980 da 1988 da suka tilasta wa ƙananan hukumomi tallata ayyukansu, daga gyaran titi har kwasar shara da dafa abincin makaranta, a ba wanda ya fi araha. Dokar 1988 ta hana ma a duba inda kamfani yake zaune.

Niyyar toshe kafar kashe-mu-raba niyya ce mai kyau, amma ga abin da ta haifar a aikace. Jami'in saye-saye, don ya rage wa kansa wahala ya kuma nuna ya yi tsimi, sai ya tattara ƙananan ayyuka goma ya ɗaure su kwangila guda. Takardun neman aikin su yi kauri, a nemi inshora mai nauyi da shaidar cinikin miliyoyi. Kafinta mai yara shida ko mai gidan gona da ke bayan gari ba ya ma tunkarar wurin. Manyan kamfanoni masu hedikwata a Landan, waɗanda ke da ma'aikatan da ba su da aiki sai cike irin waɗannan takardu, su ke cinyewa, sannan sau da yawa su juyo su ɗauki kafintan nan aiki a ƙarƙashinsu a kan farashin da suka ga dama.

Preston ta shiga sabon ƙarni da buri guda, sunansa Tithebarn. Za a share eka 32 na tsakiyar gari, har da tashar safa da kasuwar cikin gini, a gina rukunin kantuna da sinima da gidaje na fam miliyan 700. A 2005 majalisar garin ta sa hannu da Grosvenor, kamfanin gidan sarautar Westminster, wanda ya gina katafaren rukunin kantunan Liverpool One. Kamfanin Lend Lease na Ostireliya ya shigo daga baya. Ginshiƙin lissafin duka shi ne babban kantin John Lewis: in ya zo, sauran kantuna za su biyo shi. Maƙwabta, Blackburn da Blackpool, suka ce wannan zai kwashe musu masu ciniki, suka ja daga. Tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, Grosvenor ya zare jiki a 2009. Duk da haka aka yi zaman sauraron ƙorafi, minista Eric Pickles ya amince a Nuwambar 2010, Blackburn ta je kotu ta sha kaye. Ana cewa an gama tsallake siraɗi, a Nuwambar 2011 John Lewis ya ce ya fasa. Shi ke nan, shiri ya watse.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin lauyoyi da masu ba da shawara ba. Fiye da shekara goma wannan yanki ya yi cikin jiran rusau, mai gini ba ya gyara gininsa, hukuma ba ta taɓa kasuwa ba ta taɓa tasha, tunda gobe za a rushe. Ga shi tun 2010 gwamnatin David Cameron ta fara tsuke bakin aljihu, kason da Preston ke samu daga Landan ya yi ta zaizayewa daga wajen fam miliyan 30 zuwa 18.

A Disambar 2012 majalisar ta yanke shawarar rushe tashar safa ko ba Tithebarn, don riƙe ta na cin kusan fam 300,000 a shekara. A nan talakawan gari suka fi kansilolinsu hangen nesa. Suka tara sa hannu, suka yi jerin gwano, masana gine-gine suka mara musu baya, a Satumbar 2013 gwamnati ta sa ginin cikin waɗanda doka ta hana rushewa. Majalisar lardin Lancashire ta karɓe shi a kan fam ɗaya, ta gyara, ta tattara motoci a gefe guda ta mayar da ɗaya gefen fili na masu tafiya a ƙasa. An gama a 2018, a 2021 gyaran ya ci lambar yabo ta duniya. Ya kamata a riƙa tuna wannan in ana yabon majalisar Preston: mutanen da suka kawo sabon tsarin saye-saye su ne dai suka so kai gatari kan wannan gini.

Cikin kansilolin akwai Matthew Brown na jam'iyyar Leba, wanda ya shiga majalisar a 2002 kuma bai taɓa gamsuwa da jiran attajirin waje ba. Ya karanta labarin Mondragon ta yankin Basque a Sifaniya, inda tun 1956 ma'aikata ke mallakar masana'antunsu. Ya kuma bi labarin Cleveland ta Amurka, inda a 2009 aka kafa kamfanin wanki mallakar ma'aikata a unguwar talakawa, don ya riƙa karɓar wankin manyan cibiyoyin lafiyar garin. Hikimar a nan ita ce akwai ma'aikatun da ba sa ƙaura. Kanti na iya tattara komatsansa ya bar gari, amma asibiti da kwaleji da ofishin 'yan sanda suna nan daram, kuma kowace shekara sai sun sayi kaya.

A 2013 majalisar ta ɗauko wata cibiyar bincike ta Manchester mai suna CLES, aka roƙi ma'aikatu shida su buɗe littattafansu: majalisar gari, majalisar lardi, rundunar 'yan sandan Lancashire, kwalejoji biyu, da ƙungiyar gidajen haya ta Community Gateway. Roƙo ne, don majalisar gari ba ta da ikon umartar ko ɗaya daga cikin sauran biyar ɗin. Tun gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1974 makarantu da tituna da kula da tsofaffi duk suna hannun lardi, aljihun majalisar gari ƙarami ne. Aka ɗauki manyan masu kawo kaya 300 na kowace ma'aikata, aka bi su ɗaya bayan ɗaya: ina kamfanin yake, babba ne ko ƙarami, me yake sayarwa, akwai mai irin wannan sana'a a kusa? Aiki ne mai gundura, ba yanka kintinkiri ba hoto a jarida. Sakamakon kuwa ya sa jikin kowa ya yi sanyi. A cikin fam miliyan 750 da ma'aikatun suka kashe a shekarar kuɗi ta 2012 zuwa 2013, kashi 5 cikin 100 kawai, wajen miliyan 38, ya shiga hannun kamfanonin Preston. Lancashire gaba ɗaya ta samu kashi 39. Fam miliyan 458 na ficewa daga lardin duk shekara, wato a shekara biyu kuɗin da ke fita ya zarce Tithebarn ɗin da aka yi shekara goma ana roƙo.

A lokacin doka ba ta yarda a ce sai ɗan gida ba. Dokar 1988 tana nan, ga ƙa'idojin Tarayyar Turai da suka hana nuna bambanci tsakanin masu neman babban aiki. Amma akwai ƙofa biyu a buɗe. Wata doka ta 2012, wadda ɗan majalisa Chris White na jam'iyyar Conservative ya kawo, ta ce hukuma ta duba amfanin da al'umma za ta samu, ba farashi kaɗai ba. Ƙa'idojin kwangila na 2015 kuma sun ƙarfafa a riƙa rarraba babban aiki kashi-kashi.

Ga yadda aka yi da abincin makarantu. A 2015 majalisar lardi ta tashi tallata kwangilar kayan abincin ɗalibai, wadda in aka bar ta dunƙule ba mai iya ɗauka sai manyan dillalai na ƙasa. Sai jami'ai suka yi mata watanda: sa guda ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, amma in aka yanka aka kasa, kowa na iya ɗaukar kasonsa. Madara daban, ƙwai daban, cuku daban, kindirmo daban, abin cusa wa burodi daban, wata kwangilar ma kashi tara aka yi mata. Kowane kashi an tallata shi a fili, kowa na da damar yin tayi. Masu kawo kaya na lardin, waɗanda ke saye daga gonakin Lancashire, su suka cinye, an kuma ƙiyasta kusan fam miliyan 2 ya tsaya a gida ta wannan hanya.

Sauran matakan ma irin waɗannan ne. Aka rage kaurin takardu. Aka riƙa sanar da ayyukan da ke tafe tun da wuri don ƙananan kamfanoni su shirya, ana kiran taro a zaunar da su a nuna musu yadda ake cike fom. A wajen ba da maki, bayan farashi da inganci, aka ƙara tambayoyi: yara nawa za ka koya wa sana'a, nawa kake biyan lebura? Aikin ɗab'i na 'yan sanda na fam 600,000 ya tsaya a Preston. Community Gateway, mai gidaje sama da 6,000, ta daina ba da gyare-gyaren gidajenta ga kamfanin waje ta ɗauki ma'aikatanta. Ita kanta majalisar gari tun 2012 ta ɗaure kanta da biyan albashin da zai riƙe mutum, sama da mafi ƙarancin da doka ta yanka, ita ce ta farko da ta samu wannan shaida a arewacin Ingila.

Da aka sake lissafi a shekarar 2016 zuwa 2017, jimlar abin da ma'aikatun ke kashewa ta ragu zuwa wajen fam miliyan 620 saboda tsimi. Duk da haka kason Preston ya tashi zuwa miliyan 112, sama da kashi 18, na Lancashire kuma ya kai miliyan 489, kashi 79. A 2018 wani ma'aunin birane na kamfanin PwC da cibiyar Demos ya sa Preston a gaba cikin biranen da suka fi samun ci gaba, rashin aikin yi ya sauko daga kashi 6.5 a 2014 zuwa 3.1 a 2017. A 2018 ɗin ne kuma Brown ya zama jagoran majalisa.

Kasuwa ma an waiwaye ta. A ƙarƙashin rumfar 1875 aka gina zaure na gilashi da katako, masu zane 'yan Preston ne, magina kuma kamfanin iyali ne mai suna Conlon da ke Bamber Bridge a gefen gari. An buɗe a Fabrairun 2018, wata guda bayan Carillion, ɗaya daga cikin manyan 'yan kwangilar gwamnati a Birtaniya, ya durƙushe ya bar sabon asibitin Liverpool a tsaye ba a gama ba, da masu kawo masa kaya kusan 30,000 suna bin sa bashi. Amma 'yan kasuwar da suka koma sabon zauren sun yi kukan sanyi da tsadar haya, wasu ma suka tashi. Ba da aiki ga ɗan gida bai hana a yi kuskuren zane ba.

Masu suka ba su yi shiru ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Suna cewa in kowane gari ya ce sai nasa, wa zai sayi kayan Preston? Suna nuna cewa ƙidayar ta dogara ne da adireshin kamfani, reshen babban kamfani da ke cikin gari na iya shiga lissafin 'yan gida alhali ribar tana tafiya wani wuri. Suna kuma tuna wa mutane cewa a daidai wannan lokaci akwai wata yarjejeniya ta 2013 da ta kawo fam miliyan 434 na tituna da sauran ayyuka a yankin, jami'ar garin na ta gine-gine, ga masana'antun jiragen yaƙi na BAE a Warton da Samlesbury. Ba za a jingina duk wani alheri ga sayen ƙwai ba. Kamfanoni mallakar ma'aikata da aka yi ta buri, 'yan ƙalilan ne suka kafu. Unguwanni irin su Ribbleton har yanzu suna cikin talauci.

Akwai ma darasi mai ɗaci daga cikin gida. Babban zauren taro da wasanni na garin, Guild Hall, wanda aka buɗe a 1973, majalisa ta sayar da shi ga wani attajirin yankin a kan fam ɗaya a 2014 don ta huta da ɗawainiyarsa. A 2019 ya rufe, ginin ya dawo hannun majalisa, a 2023 kuma aka gano rufinsa na da wani irin kankare mai ruɓewa. Wannan ne ya sa ya zama wajibi a bambance abin da Preston ta yi a saye-saye da abin da aka saba gani inda ciyaman ke raba kwangila ga 'yan uwa da 'yan jam'iyya da sunan taimakon 'yan gida. A Preston ba a soke talla ba, ba a soke gasa ba, kuma alƙaluman suna fili ga mai son dubawa. Girman kwangilar aka rage har ƙaramin ɗan kasuwa ya iya shiga fage, in ya sha kaye a farashi da inganci ya sha.

Shaidar da ta fi nauyi daga fannin lafiya ta fito. A 2023 mujallar Lancet Public Health ta buga binciken masana, ƙarƙashin jagorancin na jami'ar Liverpool, waɗanda suka kwatanta Preston da yankuna masu kama da ita tsakanin 2015 da 2019. Sun samu matsakaicin albashi ya ɗaga da kashi 11 sama da abin da ake tsammani, gamsuwar mutane da rayuwarsu ta ƙaru da kashi 9, rubuta magungunan ciwon damuwa kuma ya yi ƙasa da yadda zai kasance.

Sha'awar babban gini ba ta bar garin ba, salon mallaka ne ya sauya. An rushe tsohuwar kasuwar cikin gini ta shekarun 1970, a gurbinta aka gina Animate, rukunin sinima da gidajen abinci da wuraren wasa na fam miliyan 45, aka buɗe a Fabrairun 2025. Kamfanin Eric Wright, shi ma na Bamber Bridge, ya yi aikin. Wannan karon ginin na majalisa ne, haya aljihunta take shiga, amma da bashi aka yi wani ɓangarensa, in masu kallo suka yi ƙaranci mai biyan haraji ne zai ɗauki nauyin, yadda kakanninsa suka ɗauki na tashar jiragen ruwa.

A Disambar 2024 gwamnatin Birtaniya ta bayyana shirin soke tsarin majalisu hawa biyu a lardunan Ingila, a haɗe na gari da na lardi su zama manyan hukumomi masu hawa ɗaya, Lancashire na cikin waɗanda abin ya shafa. A zaɓen Mayun 2025 kuma jam'iyyar Reform ta ƙwace majalisar lardi, wadda ita ce mai aljihu mafi girma cikin ma'aikatu shidan da suka buɗe littattafansu a 2013. Tsarin Preston ba doka ce ta kafa shi ba, yarda ce tsakanin shugabannin ma'aikatu da jami'an saye-sayensu, kowace ma'aikata na iya janyewa ranar da ta ga dama. Duk hukumar da ta gaji majalisar garin za ta gaji kasuwar, da bashin Animate, da rufin Guild Hall.